Bidon Awon Baba

Shekarar da masu binciken ciwon ƙoda suka sauka Arlit, ni na ja babana zuwa wurinsu, kuma ba don ina zargin wani ciwo a jikinsa ba. So nake in ga yadda suke aikin. Halina ke nan tun ina ƙarami. In an buɗe bayan rediyo sai na leƙa, in an yanka akuya ni ne mai tsayawa kan mahauci ina tambayar wannan mene ne, wancan kuma me yake yi a ciki. Da na girma na zama malamin kimiyya a kwaleji sai halin ya samu rigar mutunci, amma a gida har gobe Inna sa-ido take kiransa.

Masu binciken ba su da yawa. Shugabarsu likita ce, ƴar Maradi, ƙaramar mace mai saurin magana, sai ma'aikatan jinya maza da ke taya ta. Sun kama ɗaki a gefen asibitin unguwa. Abin da ya kawo su ba sabon zance ba ne gare mu. Daga Arlit zuwa Akokan, har can Cirozerin wajen masu tonon kwal, da wuya ka samu gidan da bai san wani da aka kwasa zuwa kudu don wankin ƙoda ba. Injin wankin yana nesa da mu ƙwarai, kuma ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Mu mutanen gari kuwa mun daɗe da yanke hukunci: ruwan famfo ne, ko ƙurar tulin ƙasar da ake tonowa daga ramin yuraniyom, ko tsofaffin ƙarafan kamfani da maƙera suka mayar mana tukwane da ƙyamaren ɗaki.

Tun ranar farko na je na zayyana wa likitar wannan hukunci namu, da muryar da nake yi wa ɗalibai bayani. Ta saurare ni har na kai aya.

"Mai yiwuwa ne, Malam," ta ce. "Mai yiwuwa kuma zafin nan ne da ƙarancin shan ruwa. Ko hawan jinin da mutum bai san yana da shi ba, ko suga, ko ƙwayoyin ciwon jikin nan da ake saye a tire ana watsawa baki kamar gyaɗa. Mai yiwuwa duk sun taru ne. Da na san amsar, me zai ɗauko ni daga garinmu?"

Na ji haushi, don ba na son a jera mini "mai yiwuwa" bayan na gama bayani. Amma kafin in kai gida haushin ya koma sha'awa. Ban taɓa jin mai farar riga ya ce bai sani ba da bakinsa, har ya ƙara da cewa rashin sanin ne ya kawo shi.

Yadda suke aikin ma ya ɗaure mini kai. Ba su yi shela marasa lafiya su zo ba. Gidaje suka zaɓa da ƙuri'a a kowace unguwa, da mai ciwo da mai lafiya. Na tambaye ta dalili, ta ce in masu kuka da jikinsu kaɗai ta auna, za ta koma ta ce garin duk ya lalace. In kuwa ma'aikatan kamfani kaɗai ta auna, waɗanda dama sai mai ƙarfi ake ɗauka, za ta ce lafiya lau muke. Duk da haka ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya so a duba shi. Ƙuri'a ta faɗo gidanmu. Baba ya ce shi garau yake, ba zai je a tono masa abin da Allah ya rufe ba. Na bi shi da magiya da naci har ya gaji ya ɗauki hularsa.

Baba mutumin Adar ne. Daga wajen Tawa ya zo da ƙuruciyarsa, ya yi shekara da shekaru yana tuƙa manyan motocin da ke fito da dutse daga rami. Siriri ne, mai surutu, kuma ba a kayar da shi a gardama ko da ba shi da gaskiya. Aka auna nauyinsa da tsawonsa, aka ɗaura masa abin awon jini a damtse, aka ɗebi jininsa, aka ba shi ɗan kofi ya zaga bayan ɗaki. Ina tsaye aka tsoma wani ɗan tsinken takarda mai launi-launi a cikin kofin, launin bai sauya ba. Likita ta ce komai daidai. Sai dai tun da ya daɗe a rami, yana cikin waɗanda suke roƙo su tara musu fitsarin yini da kwana cur, don a nan ne ake ganin yawan gishirin da mutum ke ci da ƙarfen da ya shiga jikinsa. Ta miƙa masa farin bido sabo fil, irin jarkar da muke ɗibar ruwa. Ta ce na farkon safiya ya zubar, daga nan duk abin da ya zo ya tara har safiyar gobe, kuma a ajiye bidon a wuri mai sanyi.

Wuri mai sanyi a gidanmu guda ne tak, firigon da Inna ke daskarar da zoɓon sayarwa. Ni da wautata na fara kawo zancen.

"Duk wanda ya matso da abin ga kusa da firigona," in ji Inna, "ya nemi gidan da za ya riƙa cin tuwo."

Kawu ne ya raba gardamar. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, aminin Baba ne, mu yaran gida muka tashi muna ce masa Kawu. Buzu ne daga dajin Dannet. Ya shigo gari shekarun da fari ya cinye dabbobinsa, ya samu aikin gadi a ƙofar kamfani, inda Baba ke wucewa da mota safe da yamma. Nan suka saba. Tun da suka bar aiki, kullum daga hantsi zuwa magariba suna tare a rumfar ƙofar gidanmu, Baba na zuba, Kawu na saurare. Dogon mutum ne, mai faɗin kafaɗa, kuma tun da nake ban taɓa ganin bakinsa ba. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin rawani yake shigar da kofin. Shi ya nemo tsohon buhu ya ɗinke bidon a ciki, ya jiƙa shi sharkaf, ya rataye shi a inuwar ɗan bayan-gidan da ke bayan rumfa, yadda matafiyan hamada ke sanyaya ruwansu. Iska na bugawa, bidon ya yi sanyi ƙalau.

Washegari Baba ya mayar da bido ya haura rabi. Na lura da yadda ya ajiye shi gaban ma'aikacin jinya, yana wani ɗaga kai kamar wanda ya kai zakkar gero. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan ƴan kwanaki likita ta aiko Baba ya zo. Ya ce in raka shi, tun da ni na jefa shi cikin abin. Da muka isa aka sake ba shi kofi, aka sake tsoma ɗan tsinken, launi bai motsa ba. Likita ta zaunar da mu, ta dube shi, ta dube ni, fuskarta irin ta wadda lissafi ya ƙi fita.

"Baba, bidonka ya hana ni sukuni," ta ce. "Akwai wani datti da tsokar jiki ke fitarwa kullum." Ta faɗi sunansa da Faransanci. "Ba ruwansa da yawan ruwan da mutum ya sha. Gwargwadon naman jikinka, gwargwadon abin da za ka fitar a yini. Mun auna ka, mun san nauyinka. Abin da muka samu a bidon nan, sai dai in kai ɗan kokowa ne ka ɓoye mana."

Nan take na manta da cewa babana ake magana a kai. Na matso da kujera. "Ashe in mutum ya ƙara ruwa za ki gane?"

"Ruwa ba ya ƙara dattin, Malam, sirka shi kawai yake yi. Wannan ba ruwa aka ƙara ba. Mutum aka ƙara."

Baba ya shiga gyaran hularsa, ya cire ya mayar. Can ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, ke ma da laihinki. Bido kinka ba ni ƙato. Har la'asar abin bai ruhe gindinai ba. Ni da na tuƙa babbar mota shekara da shekaru, in maido miki kaya hakanan awa wanda ya ƙare? Garinmu ko kwanon tuwo maƙwabci ya aiko maka, ba ka maida shi wayam. To, an taimaka mini."

Likita ta sa hannu ta rufe baki. Ni ban iya rufe nawa ba, dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Gaskiyar Baba ce ta wani gefen. A Arlit bido abin cikawa ne. Wanda ya je famfo ya dawo da rabi ya yi asarar tafiya, kuma babu wanda ya gaya wa tsofaffin nan cewa wannan bidon ba a son ya cika. Likitar da kanta ta amsa haka. Ta ce daga ranar duk wanda za a ba bido sai an gaya masa ko cikin cokali ya samu ya wadatar, kuma za ta koma ta sake duba na sauran dattawan, don ba ta san ko su nawa aka taimaka wa ba.

Sai ta daina dariya.

"Baba, saura magana ta biyu, kuma ita ba ta dariya ba ce. Ƙoda kamar rariya take, datti ya wuce, abin amfani ya tsaya. A bidon nan akwai wani abu dangin farin ƙwai, wanda bai kamata ya bar jini ba, kuma da yawa. Jininka lafiya, kofinka na farko lafiya, na yau ma lafiya. Ba daga jikinka ya fito ba. Wanda ya taimake ka ƙodarsa na yoyo, kuma ina jin bai sani ba. Wane ne?"

Baba ya dubi ƙasa. "Na yi mishi alkawari ba ni hwaɗi."

Ta lallashe shi, ta ce ba sai ta ji suna ba, ya dai turo mutumin. Ta ce irin wannan in an tare shi da wuri ana iya rage masa gudu, in kuwa an bar shi, ƙarshensa injin wankin nan ne na kudu. Baba ya ce ya ji. Na san wannan "na ji" nasa, da shi ya rufe duk maganar da ba ya so tun ina yaro.

Kafin mu fita na koma na tambaye ta yadda ake gane mai ciwon da ido. Ta ce mugun halinsa ke nan, shiru gare shi, yakan ci ƙarfin ƙoda sosai kafin mutum ya ji komai. Amma wani lokaci fitsari kan yi kumfa kamar ruwan wanki, fuska ta kumbura da safe, ƙafafu su kumbura da yamma, har in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

Haka na zama mai kallon ƙafafun tsofaffi. Masu zaman rumfar Baba ranar da aka tara bidon su uku ne ban da shi: Kawu, da wani Bakatsine mai shagon atamfa, da wani kafinta ɗan Maradi, Kirista, da ke zuwa shan shayi in aiki ya lafa. Bakatsinen bai ba ni wuya ba. Na tsaya kansa da buta ina zuba masa ruwan alwala, yana ta sa mini albarka, yana cewa ashe ƴan boko ma suna da ladabi. Ƙafafunsa busassu ne kamar na zakara. Kafinta kuwa ba ya alwala, kuma kullum cikin rufaffen takalmi yake. Sai da na je shagonsa na ce ina son kujerar tsuguno, na zauna ina ta sauya ra'ayi kan tsayinta har zafi ya ishe shi ya tuɓe takalmin. Lafiya lau. Kujerar tana nan a gidana, ba wanda ya taɓa buƙatarta.

Kawu ne ya gagare ni. Fuska a rufe, riga har ƙasa, in ya zauna sai ya naɗe ƙafafu a ƙarƙashinsa. Alwala kuma bayan rumfa yake zagawa ya yi shi kaɗai, tun da sai ya sassauta rawani. Abin da ya rage mini takalmansa ne, faffaɗan nan na fata irin na Buzaye, da yake tuɓewa a bakin tabarma. Wata rana na yi kamar zan gyara musu wuri na ɗaga ɗaya. An yanke maɗaurin sama an ƙara masa wata fata, sabuwa, launinta ma daban. Na duba ɗayan, shi ma haka. Har zuwa lokacin abin wasan gano ɓoyayye ne a wurina, ina jin daɗinsa. Da na riƙe takalmin nan daɗin ya gushe, tsoro ya maye gurbinsa, don wannan mutumin shi ya fara ɗora ni kan raƙumi.

A ranar kuma na ji yana gaya wa Baba cewa ruwa ya sauka a daji, ƴaƴansa sun aiko, zai bi motar kasuwa mai zuwa ya koma Dannet wurin dabbobi. In ya tafi irin wannan tafiya, sai bayan sanyi ake sake ganinsa. Baba ya ce Allah ya kai lafiya, ya miƙa masa shayi.

Da Kawu ya tafi gida na tare Baba a tsakar gida. Ban yi ladabi ba, na sani. Na ce na ga takalman.

"Kai dai ba ka barin abu ya kwanta," ya ce. "Mi kake so in yi? In tahi in ce ma mutumen da ko bakinai ban taɓa gani ba, wai yarinya sa'ar jikanyatai ta duba bawalinai ta ga ciwo? Ni na ja shi cikin abin ga. Taimakona ya yi, ya ce kar kowa ya ji, ni kuma in saka mishi da tonon asiri? Gara in mutu."

Inna tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Kai ba ka mutuwa, likita ta ce lahiyarka lau. Shi za ya mutu can cikin daji, kai kuma ka zamna nan da alkawarinka."

Baba ya miƙe. Ya shige ɗaki. Da safe na same shi a zaure ya riga ni shiryawa, ya ce in zo mu je, amma in na buɗe baki a can sai ya saɓa mini.

Gidan Kawu yana can gefen gari, inda gine-gine ke ƙarewa fili ya fara. Katangar laka ce, amma a tsakiyar gidan bukkar tabarma ya kafa, don ya ce ɗakin siminti ba ya barinsa numfashi. Mun same shi yana ɗaure kayan tafiya, gero da sukari da ganyen shayi. Aka shimfiɗa mana tabarma. Baba ya gaishe shi, ya sake gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan da aka yi a daji, ya shiga labarin wata mota da ta taɓa kafe masa a yashi tun ban zo duniya ba. Ina zaune ina cizon leɓe. Sai da labari ya ƙare masa sarai, sannan ya dubi gefe ya ce:

"Buzu, ka yahe mini. Zancen bidon nan ne. Likita ta gane mu biyu ne. Ban hwaɗi sunanka ba, wallahi. Amma ta ce guda cikinmu ƙodatai ba lahiya, kuma ta sake auna ni, ba ni ba ne."

Kawu bai daina ɗaurin da yake yi ba. Ya ja igiya, ya ƙulla, ya gwada nauyin buhun. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa.

"Yarinyar ya ce ana magani?"

"Ta ce in an tare shi da wuri ana rage mishi gudu."

"To, alhamdu lillahi. Amsa ya zo."

"Wace amsa?"

Sai a lokacin Kawu ya zauna, ya fuskanci Baba.

"Ba'adare, kana tsammani bidonka ne ya ba ni tausayi? Na daɗe ina ganin kumfa. Takalmi ya ƙi ƙafa. Na san akwai abu. Amma ni ba zan iya tsayawa gaban yarinya in miƙa masa kofi ba, ko za a yanka ni. Da na ga bidonka ya ƙi cika, kana ta ƙorafi, na ce ga hanya. A duba nawa cikin naka, ba a kira sunana ba. Tun ranar kullum ina zuwa rumfa ina jira ka ce an ga wani abu. Kai kuma sai ka miƙo mini shayi ka kawo zancen ruwan sama. Har na ce to, ba a ga komai ba, bari in tafi daji."

Sai Baba ya fashe da faɗa.

"Kai, amma Buzun ga mugu ne! Ka bar ni ina ta hwama da zuciyata, tuwo ba ya shiga, ina cewa na cuce ka! To, in da likita ba ta gane ba, ta ce ciwon nawa ne hwa?"

"Da sai ka karɓo magani ka ba ni."

Dariya ta zo mini, kuka ma ya zo, na rasa wanda zan bari ya fita. Ni da nake taƙama da son sanin abu, a ganina son sani shi ne ka tambaya, ka sake tambaya, har a gaji da kai. Ban taɓa tunanin mutum zai matsu ya san abin da ke cin jikinsa haka, ya kuma kasa buɗe baki ya tambaya ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, haushinsu su biyun ma ya kama ni, don kunyar junansu ta kusa tura shi daji da ciwo.

Motar kasuwa ta tafi ba da Kawu ba. Na je na yi wa likita bayani, ba ta yi mamaki sosai ba, ta ce a garinsu ma akwai irinsa. Ta shirya yadda ba zai ji nauyi ba. Ma'aikacin jinya namiji, mai furfura, shi ya auna shi ya ɗebi jininsa, shi ya karɓi kofin, ita ko leƙowa ba ta yi ba. Ranar jin sakamako kuwa dole sai ita. Kawu ya shiga ya ja kujera ya juya mata baya, ya fuskanci ƙofa. Ta ce ba ta faɗar ciwon mutum gaban wasu sai da izininsa.

"Gaya wa Ba'adare," ya ce. "Shi ne kunnena. Yaron ma ya zauna, in an kore shi zai laɓe."

Sai ta fuskanci Baba ta yi masa bayani kamar shi ne majinyacin. Jinin Kawu ya hau sosai, kuma alamu sun nuna ya daɗe a haka. Ƙodar ta yi rauni ba kaɗan ba. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma abin da ya rage ana iya tattalinsa, kuma bai kai ga injin wanki ba tukuna. Zai riƙa shan ƙwaya kullum, ya rage gishiri da kanwa, ya rabu da magungunan tire, kada kuma ya riƙa yini da ƙishirwa don nuna jarunta. Zai iya zuwa daji, amma ya dawo bayan wata uku a sake awo, don da awo ɗaya ba a yanke cewa ciwon ya zauna. Na kasa haƙuri na tambaya ko zaman ƙofar kamfani ne ya jawo masa. Ta ce daga mutum ɗaya ba za ta iya sani ba, shi ya sa take auna gari. Kawu ya bi maganarta. Ya tafi da motar da ta biyo baya, ƙwayoyinsa ƙulle a gefen rawani, ya kuma dawo awon kamar yadda aka ce.

Amma kafin mu tashi a ranar, likita ta yi tambaya ɗaya. Tun da Baba take fuskanta, shi ta yi wa.

"Baba, tun yaushe ƙafafunsa suka fara kumbura?"

Baba ya ɗaga kai zai amsa, yadda ya saba amsa kowace tambaya tun kafin a gama ta. Bai samu abin faɗa ba. Ya dubi bayan amininsa, ya dubi ƙasa. Kawu ne ya amsa da kansa, fuskarsa na kallon ƙofa.

"Damina biyu."

A ƙofar asibiti Kawu ya yi mana sallama ya nufi gefen gari. Ni da Baba muka kamo hanyar gida cikin rana. Karon nan na kama bakina. Sai da muka kusa kwanar gidanmu Baba ya tsaya, ya sa gefen riga ya goge ido, ya ce, ba da ni yake ba:

"Damina biyu shina tuɓe takalmi gabana, ni kuwa ina ta zuba."